Barguna 11 a cikin kabad: yadda wata dattijuwa ta koyi keken ɗinki mai dogon hannu

Asalin maganar

Maƙwabciyata ce, ƙofarmu na kallon tata a wani ƙaramin gari a jihar Misuri ta Amurka. Shekarunta 67, ta yi ritaya daga aikin kicin ɗin makarantar firamare, mijinta ya rasu shekara 3 da suka wuce. Ba zan faɗi sunanta ba, ni dai Mama nake ce mata, ita kuma tace min 'yata. Ni nake kai ta shagon da take hayar keken ɗinkin bargo a mota tun daga farko har ƙarshe saboda ba ta son tuƙi in ƙanƙara ta rufe titi, to kusan komai a gabana aka yi shi.

Bargon da nake magana Amurkawa kwilt suke ce masa, kuma hawa uku ne. Akwai fuska, wato ƙananan ƙyallayen da aka yanka aka haɗa suka ba da zane, akwai shimfiɗar auduga a tsakiya, sai shafi daga ƙasa. Haɗa fuskar aiki ɗaya ne, bin hawa ukun da ɗinki don su zama abu guda kuma wani aikin ne daban, kuma a nan mata da yawa suke maƙalewa. Duk wanda ya taɓa kallon lifidin doki a hawan sallah ya san dabarar, yadi sama yadi ƙasa auduga a tsakiya sai ɗinki ya bi ya danne, bambancin kawai nasu na rufa ne.

Mama gwana ce a haɗa fuska, sama da shekara 30 tana yi. Da can da hannu take ɗinke su, bargo ɗaya ya ci mata damina da rani, sai ciwon gaɓɓai ya kama mata yatsu allura ta gagare ta riƙewa. Ta gwada a ƙaramin kekenta na gida amma tsakanin allura da jikin keken bai wuce inci 7 ba, ka tura bargon gado sukutum ta wannan 'yar kafa kana naɗewa kana turawa, kwana biyu ta yi kafaɗarta ba ta ɗaguwa. Haka fuskoki suka taru har 11 a kabad ɗinta, an goge an ninke ba a gama ko ɗaya ba. A cikinsu akwai babba mai inci 92 da 104 wanda ta haɗa da ƙyallayen rigunan marigayi mijinta, kuma shi take so ta ba jikarta ranar aurenta a watan Satumba.

Za ta iya kai wa masu yi da kuɗi. Da inci suke lissafi, a yankinmu kamar santi 2 zuwa 3 kowane inci murabba'i in zane mai sauƙi ne, babban bargon nan kaɗai zai kama dala 240 banda auduga, ga layi na watanni. Amma ba kuɗin ne ya hana ta ba, cewa ta yi ba ta son hannun da bai san mutumin ba ya taɓa rigunansa.

Shi keke mai dogon hannun da ta koya kuwa, kan keke ne babba mai faɗin wuya inci 18 zuwa 26, yana zaune a kan tayoyi yana gudu a kan dogo a jikin wani firam mai tsawon ƙafa 10 zuwa 12 wani ma har 14. Ana naɗe shafin da fuskar a jikin sanduna su miƙe, bargon na nan wuri ɗaya ba ya motsi, kai kake riƙe keken da hannu biyu kana zana ɗinki da shi, wato akasin keken da muka sani wanda yadi ke tafiya keke na zaune. A nan Misurin ma aka fara shi, wani Ken Gammill a garin West Plains ya fito da irinsa a 1980, yanzu akwai kamfanin APQS a Ayowa akwai na Handi Quilter a Yuta da wasu masu ƙera shi. Sabo mai kwamfuta yana iya haura dala 30,000, shi yasa shagunan yadi da yawa suke ajiye ɗaya suna ba da haya.

Janairu: ajin farko

Shagon da muka je tafiyar minti 40 ne. Ƙa'idarsu sai ka yi aji na awa 3 a kan dala 60 kafin su bar ka da keken, daga nan haya dala 20 duk awa. An nuna mata yadda ake ɗora shafi a sanduna, yadda ake sa zare, yadda ake jawo zaren ƙasa sama kafin a fara. Ta yi zagaye-zagaye a kan farin akoko, ɗinki ya fita tas, ta fito tana murna tana cewa ashe ma ba wuya. Malamar ce ta sa allurar ta cika kwarkwaron zaren ƙasa ta daidaita tenshan, wato tsaurin zare, kafin su iso, Mama ba ta taɓa ko ɗaya daga ciki ba ranar.

Fabrairu: bargon farko

Ta zaɓi ƙarami mai inci 60 da 72. Shafin da ta kawo zanen gado ne sabo fil, irin mai saƙa a matse ɗin nan, kuma inci 2 kacal ya fi fuskar a kowane gefe alhali takardar da aka ba su a aji ta ce inci 4, saboda akwai maƙalai da ke kama shafin ta gefe biyu kuma sai an bar musu wuri. Ma'aikaciyar shagon ta ga abin tace a gwada a haka tunda an riga an zo.

Awa 3 da rabi ta yi a tsaye. Duk sanda ta zo gefe sai ƙasan keken ya bugi maƙalin, layin ya karkace. Daga sama dai ɗinkin ba laifi, tana gama sahu tana naɗewa tana wucewa. Sai da aka sauke aka juya bayan tukuna. Duk inda ta yi kwana zaren sama ya zubo ƙasa ya yi wasu ƙananan ƙafafu jere kamar gashin ido, a miƙaƙƙen layi kuma zaren ƙasa na kwance a saman yadin bai nutse ba, in ka sa farce ka ja sai ya taho gaba ɗaya. Wurare da dama keken ya yi tsallake, taku ɗaya ya kai rabin inci.

A mota ba ta ce uffan ba har muka iso. Dare 4 muka yi a teburin kicin ɗinta muna farke ɗinkin, ita da tsinken farke ɗinki ni da ɗan almakashi, abin da keke ya yi a minti 10 sai ya ci mana sama da awa, kuma zanen gadon ya riƙe hujin allura bai koma ba ko bayan an fesa ruwa an goge.

Maris: gyare-gyaren da ba su yi ba

Ta dawo da shirinta, ta kwana kallon bidiyo a YouTube ta rubuta shawarwari cike da takarda. A zama ɗaya ta canza zare, ta canza allura, ta murɗa tenshan na sama zagaye biyu, ta taɓa ɗan sukurun ƙoshiya wato gidan kwarkwaro, sannan ta ja sandunan ta ɗaure bargon tamau kamar fatar kalangu don a ganinta sakwarkwacewa ce ta jawo tsallaken. Gashin idon ya ragu amma zare ya fara tsinkewa, na ƙirga sau 14 a cikin awa 2, kuma tsallaken ya ƙaru musamman in tana tura keken baya ko tana komawa hagu. In ta sassauta sama gashin ido ya dawo, in ta matse zare ya tsinke, tana murɗawa tana mayarwa har ta manta inda abin yake tun farko. Dala 60 ta biya ranar, sahu biyu kawai aka samu.

Bayan sati biyu ta kawo wani bargon, wannan karon ma'aikaciyar ta daidaita mata keken. Ɗinki ya yi kyau, sai wata matsalar ta fito, ƙyallen gefe, wato wanda ya zagaye bakin fuskar, ya ƙi kwanciya, yana tashi yana lanƙwasa kamar bakin siket mai tattara. Ta riƙa dannewa da hannun hagu tana tuƙi da dama, keken ya bi ta kai ya ɗinke naɗi uku a gefen dama, kuma da ta iso ƙarshe kusurwoyin ƙasa sun baje waje, bargon ya fi faɗi a ƙasa da kusan inci 3.

Daga nan ta daina. Sati 5 ba ta ce in kai ta ba. Na shiga wata rana na tarar ta ciro babban bargon ta shimfiɗa a gado tana kallo, tace 'yata ina jin kai shi zan yi kawai a yi min, hannuna ya tsufa da koyon sabon abu. Nace Mama a bari zuwa ƙarshen Yuni, in bai yiwu ba ni da kaina zan kai shi layi.

Ƙarshen Afrilu zuwa Mayu: abin da aka sauya

Akwai wata mata da ke zuwa haya duk Talata, ta kai shekara 10 tana yi, barguna take ɗinka wa ƙungiyar da ke raba wa yara marasa lafiya a asibiti. Ita ta ce Mama ta zo ta zauna kusa da ita rana ɗaya kar ta kawo bargo, ta kawo littafi da biro kawai.

Abu na farko ta hana ta taɓa tenshan na sama sai an gama da ƙasa. Aka ciro ƙoshiya aka goge da ɗan buroshi, ta zura gefen kati a ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ke danne zaren sai ga wani dunƙulen gashin auduga ya fito bai fi ƙwayar gero ba, tace wannan kaɗai ya isa ya lalata ɗinkin yini guda, kuma keken haya ne kowa da irin zaren da yake zuwa da shi. Aka ɗiga mai ɗigo ɗaya. Aka sa ƙoshiyar a wani ɗan ma'auni mai suna TOWA da ke nuna ƙarfin jan zaren da lamba, a wannan keken wajen 200 yake so, aka rubuta. Sai allura sabuwa lamba 18, dogon kwarminta na kallon mai ɗinki, ta nuna mata cewa in ta ɗan juya kaɗan ko ba ta shige har ƙarshe ba to tsallake ya samu. Bayan duk wannan ne aka ɗora ɗan ƙyalle a kan rarar shafin da ke gefe aka gwada ɗinki, kwana da zagaye da kusurwa, a leƙa ƙasa da tocila, a murɗa sama rabin zagaye, a sake gwadawa a sake leƙawa. Abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda kuma a rubuta shi.

Maganar ɗaurin kuwa, ta sa Mama ta turo yatsa daga ƙarƙashin bargon, tace in ba za ki iya kama kan yatsan da ɗayan hannun daga sama ba to ya yi tsauri. In yadi ya ɗaure da yawa allura na lanƙwasa kaɗan in keke na gudu, ƙugiyar ƙasa ta kasa cafko zaren, shi ne tsallaken da tsinkewar. Zanen gado mai matsattsiyar saƙa ma haka yake wahalar da allura, tace ta bar shi ta riƙa sayen yadin shafi mai faɗin inci 108 wanda ba sai an yi haɗi ba.

Sai gefen nan mai tattara. A gida muka shimfiɗa bargon Maris a ƙasa muka sa tef. Ta tsakiya inci 64, ta baki inci 67. Ashe duk shekarun nan Mama yanko dogon ƙyalle take ta ɗora a gefe ta bi da keke in ta kai ƙarshe ta datse rarar, to bakin fuska yana miƙewa in ana ja, ƙyallen gefen sai ya shige fiye da kima. Da hannu take ɗinkewa a da, tana lallaba rarar a hankali tana ɓacewa shi yasa ba ta taɓa lura ba, shi kuwa firam a miƙe yake ba ya ɓoye komai. Gyaran shi ne a auna ta tsakiya wuri uku a ɗauki matsakaici, a yanka ƙyallen gefe daidai wannan awon, a kafa fil a tsakiya da ƙarshe biyu sannan a ɗinka. Muka auna sauran fuskokin, 8 cikin 11 suna da wannan matsalar har da babban. Duk ta farke gefunansu ta sake, ya ci mata kusan watan Mayu gaba ɗaya kuma ba ta taka shagon don nata bargon ba ko sau ɗaya a watan.

Abin da take zuwa yi ranar Talata shi ne ƙananan bargunan yaran nan masu inci 40 da 50, matar ta ba ta su ta koya a kai. Ta yi 6. A gida kuma kullum minti 15 tana zana zanen da biro a tsohuwar jarida ba ta ɗaga biron, har hannu ya haddace hanyar.

Yuni da Yuli: hannu ya fara zama

Ta koma bin zanen takarda, ana shimfiɗa doguwar takarda mai zane a bayan firam ɗin, ka tsaya ta baya kana bin layin da ɗan jan hasken leza keken na ɗinka shi a bargon. Da farko zagayenta duk sun fito da kusurwa saboda ta ƙanƙame hannayen keken tana kallon ɗigon hasken kansa. Matar tace ta sassauta riƙo, ta manne gwiwar hannu a jiki, ta riƙa takawa da ƙafa maimakon miƙa hannu, idonta kuma ya riga hasken da inci 2 ko 3. An saita keken taku 11 a inci. A kwana ta daina fizga, gashin idon da ya rage ya ɓace.

Barguna 4 nata ta gama a watannin nan biyu. Na farko awa 5, na huɗu awa 3. Duk sahu in ta gama sai ta durƙusa da tocila ta shafa ƙasan da tafin hannu kafin ta naɗe, sau biyu ta kama matsala a sahun farko, farkewar minti 10 ta wadatar. Ganinta a durƙushe ya tuna min babana, tela ne, in yaron shago ya miƙo masa riga ba ya kallon gabanta sai ya fara juya cikinta.

Agusta: babban bargon

Ta yi kwana 3 tana shiri. Ta goge fuskar da sitati, ta yanke zaruruwan baya don kar baƙi ya nuno ta cikin fari, ta bi bakin da ɗinki siriri don haɗin kar ya buɗe in an ja. Shafi yadi 3 da kwata na mai faɗi 108, auduga mai kashi 80 auduga kashi 20 roba. Ta kama keken kwana biyu a jere.

Ranar farko awa 5. A sahu na uku allura ta karye a inda ƙyallaye 8 suka haɗu wuri ɗaya, yadin rigunan aiki ne mai kauri. Ta tsaya, ta nemo guntun allurar har ta same shi, ta duba yadin ba yagewa, ta sa sabuwa, ta gwada a gefe, sannan ta sa alli ta yi alama a duk irin mahaɗar nan ta riƙa kewaye su. Rana ta biyu awa 4. Kwarkwaro 6 ya ci. Duk naɗi sai ta auna faɗin da tef, 92 ta fara 92 ta ƙare saura kwata.

Da aka sauke an samu naɗi ɗaya a shafin, tsawon inci 3 kusa da kusurwar ƙasa, inda ta manta ba ta mayar da maƙalin gefe ba bayan ta canza kwarkwaro. Ba ta farke ba. Ta kwantar da shi da allurar hannu, ta ɗinka ƙyallen da ta rubuta sunan mijin da na jikar da ranar auren a kansa. Kalmasa bakin ta ɗauke ta sati guda saboda yatsun, an gama saura kwana 12 biki.

Inda aka tsaya, da abin da na gani

Zuwa ƙarshen Satumba 7 cikin 11 sun zama barguna. Ta yi awa 48 a kan keken da kuɗinta, dala 960 ga na aji 60, wato da ta kai su an yi mata da kuɗin zai zo kusan ɗaya, wannan shekarar ba ta ci ribar ko sisi ba. Ba ta sayi keke ba kuma ba ta da niyya, gidanta ba ɗakin da zai ɗauki firam mai ƙafa 12.

A ganina ajin awa 3 ɗin nan ya koya mata tuƙi ne kawai, kuma tuƙin shi ne mafi sauƙi a ciki. Abin da ya kusa sa ta haƙura duk ya faru ne kafin allura ta fara sauka, shafi ƙarami, zanen gado, gefen da ba a auna ba, ƙoshiya da datti, kuma ina ganin bai kamata shago ya bar sabon hannu ya ɗora shafin da bai kai ba don kawai an riga an zo. Maris ya lalace ne saboda ta taɓa abu biyar lokaci ɗaya, ko da ɗaya ya gyara ba yadda za a yi ta gane wanne ne. Bidiyoyin ba ƙarya suka faɗa mata ba, kowanne maganin wata cuta ce daban, babu dai wanda ya ga bargonta. Wadda ta gani ita ce matar Talata, kuma ita ma rabin aikinta hana Mama gaggawa ne da ba ta bargunan da in sun ɗan karkace ba wanda zuciyarsa za ta karye. Abin da ya fi ba ni mamaki kuma ya fi burge ni shi ne mace mai shekara 30 a sana'a ta yarda tef ya nuna mata kuskurenta, ta zauna wata guda tana farke aikin hannunta ba ta yi musu ba.

Saura 4 a kabad. Ta kama Talatar farko ta watan Nuwamba, kuma ta ce in zo da atamfofin nan da na ajiye guntayensu, za ta nuna min yadda ake auna gefe.